Agile a Manhajar Binciken Kimiyya: Yaushe Ake Cewa An Gama?

A shekarar 2001, masu rubuta manhaja su 17 suka haɗu a Snowbird da ke jihar Utah ta Amurka, suka fitar da ƙa'idojin Agile, wato salon gina manhaja kaɗan-kaɗan ana gyarawa a kan hanya. Sun tsara su ne don aikin da ke da mai saye, wanda zai duba ya ce eh ko a'a. A ɗakin bincike kuwa, amsar ma ba a san ta ba tukuna.

Tsarin Scrum, ɗaya daga hanyoyin aiwatar da Agile, yana yanka aiki zango-zango, galibi mako biyu, ba ya wuce wata ɗaya, da ganawar minti 15 kowace rana. Wannan ba wuya. Inda gizo ke saƙar shi ne abin da kuke sawa cikin zangon. "A gano me ya sa sakamakon ke kaucewa" ba aiki ne da za a yi alkawarin ranar gama shi ba. Ku ɗaure shi da lokaci: kwana uku, sannan a rubuta abin da aka gano, ko da cewa hanyar ba ta ɓullewa ne. Ƙungiyar mutum biyu ko uku kuma ba ta buƙatar tarukan Scrum duka. Allon Kanban, wanda ke nuna aikin da ke jira, wanda ake kai da wanda aka gama, ya isa, muddin kowa ba ya riƙe aiki sama da biyu a lokaci guda.

Sai gwajin manhajar, kuma nan ne ya kamata ku daɗe. Buɗe Python, yaren rubuta manhaja, ku haɗa 0.1 da 0.2, za ku ga 0.30000000000000004, saboda yadda kwamfuta ke ajiye lambobi masu ɗigo. Don haka gwajin da ke neman daidaito cif-cif zai riƙa faɗuwa ba gaira ba dalili. Ku yi amfani da assert_allclose na NumPy (kunshin lissafi na Python), mai duba ko lambobi sun yi kusa da juna, ku zaɓi ratar da za a lamunta, kuma ku rubuta dalilinta kusa da ita. In ba haka ba, wata rana wani zai faɗaɗa ta don kawai gwaji ya wuce.

Me za a gwada, tunda ba a san amsa ba? Ƙaramar matsala da ake iya warware ta da biro da takarda. Dokokin da ba sa canjawa, kamar jimillar makamashi a rufaffen tsari. Idan lissafin na amfani da lambobin kan-mai-uwa-da-wabi, ku kafe lambar da yake farawa da ita, don sakamako ya maimaitu.

Ga abin da ƙaramin kuskure a manhaja ke iya jawowa: a 2006 aka gano wata manhaja da wani ɗakin bincike a cibiyar Scripps ya rubuta wa kansa ta musanya layukan tsaye biyu na bayanai, siffar furotin ta fito ba daidai ba. Maƙala biyar aka janye, uku a mujallar Science.

Shi ya sa sharaɗin "an gama" sai ya haɗa da cewa rubutun manhajar yana cikin Git (ma'ajiyar da ke riƙe tarihin kowane gyara), gwaje-gwaje sun wuce da kansu a GitHub Actions (dandalin da ke gudanar da su kai tsaye), kuma wani abokin aiki ya sake fitar da jadawalin sakamakon a tasa kwamfutar da umarni ɗaya.