Amsoshin Tambayoyinku: Ga mai cike a injin, amma ya buga

Mai gabatarwa: Jama'a, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku daga nan birnin Shehu. Saƙonnin wannan mako kusan duk a kan a-kori-kura suke, shi ya sa muka ɗauko Injiniya daga gareji, tsohon hannu a injin gas da na fetur. Injiniya, sannu da zuwa. Lokaci ya ƙure mana, yau ban da dogon tarihi.

Injiniya: Yawwa, sannunmu. Allah Ya ba mu iko.

Mai gabatarwa: Wani daga Bodinga ya ce motarsa na fitar da shuɗin hayaƙi, kuma kullum sai ya yi cikon baƙin mai.

Injiniya: Mai take ƙonewa. Ko ringi ya cinye, ko robobin bawul sun bushe. Ya kai a duba.

Mai gabatarwa: Na Tambuwal kuma yana tambaya, ko ya halatta a haɗa man kamfani biyu?

Injiniya: In a daji ne ba yadda za ka yi, haɗa. Ya fi tafiya da injin a bushe. Amma a duba lambar jikin galan ta zo ɗaya.

Mai gabatarwa: To ga babbar. Ta zo daga Illela, ta zo daga Goronyo, ta zo daga Wurno, kowa da lafazinsa amma kuka ɗaya. Na Illela ya rubuto cewa: da safe ya zaro sandar auna mai, mai na kan layi, ya yi lodin albasa, kafin Gwadabawa jar fitila ta kama, ya ce bari ya lallaɓa, sai injin ya fara ƙwanƙwasa ya tsaya cak. Tambayarsa, ta yaya injin da ke cike da mai zai buga? Har yana zargin sammu.

Injiniya: Ba sammu ba ne, Alhaji, laka ce. Ka ga, tun zamanin da muke gyaran Fijo 404, maigidana, Allah Ya jiƙansa, ba ya barin yaro ya taɓa sifana sai ya iya shinshina mai ya faɗi kwanansa a injin. Yaran yanzu kuwa waya ce a hannu, ka aike su lamba goma sha biyu su kawo maka goma sha huɗu...

Mai gabatarwa: Injiniya, Gwadabawa. Mun baro mutum a bakin titi.

Injiniya: To. Baƙin mai yana zaune ne a kaskon ƙasan injin. Akwai famfo da ke zuƙo shi ta wata 'yar rariya, ya tura shi sama zuwa kiranshaf da metal, wato ƙarafan da kiranshaf ke juyawa a kansu, da kan silinda, da tobo in motar na da shi. Idan mai ya daɗe ba a yi juye ba, wato a zubar da tsohon a zuba sabo, zafi ya dafa shi, ƙura ta shiga, toka daga hayaƙin gas ta shiga, sai ya yi kauri ya dunƙule kamar kunun da ya kwana. Wannan lakar ita ke like rariyar. Sandar awo za ta nuna maka mai na nan, kuma ba ƙarya ta yi ba, yana nan ƙasa. Sama ce ba ya kaiwa. Ƙarfe na gugar ƙarfe a bushe, mintuna kaɗan sun isa metal ya narke.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita saboda masu tuƙi. Sanda na gaya maka yawan man da ke ƙasa. Jar fitila mai hoton buta na gaya maka man ba ya hawa da ƙarfi. Sanda ta ce akwai, fitila ta ce ba ya kaiwa, to fitila za ka bi. Haka ne?

Injiniya: Awo. Ta kama, ka sauka gefe ka kashe. Ba a lallaɓawa. Kuɗin janwe bai kai rabin rabin kuɗin wani injin ba.

Mai gabatarwa: Na Goronyo ya ce shi ai kullum yana ciko, me zai kai shi juye?

Injiniya: Ciko ba juye ba ne. Ka zuba sabo a kan ruɓaɓɓe, lakar na nan inda take, filta ma na nan a toshe. Mu nan Sakkwato watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, hunturu kuma ga hazo da ƙura, ga lodi fiye da ƙima, ga hanyar ƙauye. A irin wanga aiki littattafan motoci da yawa cewa suke a yi juye duk kilomita 5,000 ko wata 6, wanda ya riga zuwa, tare da sabon filta. Sakkwato zuwa Illela kusan kilomita 85 ne, zuwa da dawowa 170. Mai yin sawu ɗaya kullum, cikin wata guda ya cinye 5,000 ɗinsa. Amma sai ka ji mutum ya ce tun ƙaramar salla ya yi juye, wai ai bai daɗe ba.

Mai gabatarwa: Ni dai ra'ayina, masu motocin sun fi direbobi laifi. A karɓi balas kullum da yamma, ranar juye kuma a ce a bari sai an sayar da gero. Alhazai, ku ji tsoron Allah.

Injiniya: Akwai kuma na kamfani, kar a ɗora wa direba komai. A Amurka, a 2002, Toyota ta amince ta ɗauki nauyin gyaran lakar mai a wasu injinan Camry da Sienna har tsawon shekara 8. A Hilux mai injin gas 1KD kuma an san matsalar wasar tagulla da ke ƙarƙashin nozul. In ta saki, hayaƙi na kutsawa cikin mai, ya zama gawayi, ya gangara ya toshe rariyar, ko da kana juye a kan kari. Mai irin wagga mota, ranar juye ya sa a haska tocila ta ramin da mai ke fita, ana hango rariyar. In ta yi baƙi ƙirin, a sauke kasko a wanke, a canza wasoshin.

Mai gabatarwa: Na Wurno ya ce an ba shi shawarar ya zuba kananzir ya tayar da injin ya wanke cikinsa.

Injiniya: Kul! Kananzir na ɓamɓaro lakar gunduwa-gunduwa, ta tafi ta rufe sauran ramin da ya rage. A kwance a wanke da hannu, sannan a yi juye biyu kusa da kusa.

Mai gabatarwa: Wata Hajiya daga Mabera ta ce direbanta na sayen mai na awo a kwalba a bakin titi, ya kawo mata lissafin na galan.

Injiniya: Hajiya, ki saya da kanki a gidan mai ko wurin dila, galan a rufe da hatiminsa da tambarin hukumar kula da ingancin kaya, SON. Ki ce ya dawo miki da galan ɗin da tsohon filta.

Mai gabatarwa: Direban Hajiya, in kana jinmu, asiri ya tonu. Saura minti ɗaya. Wani daga Kware ya ce man injinsa ya koma fari-fari, ruwan lagireto kuma na raguwa.

Injiniya: Ruwa ya haɗu da mai, galibi gasket ne ya ƙone. Kar ya sake tayar da motar. Kuma masu cire tamostat, abin da ke daidaita zafin injin, wai don zafin Sakkwato, ku daina, injin da bai kai zafinsa ba tururi ke taruwa cikin mansa, shi ma laka yake...

Mai gabatarwa: Injiniya, ana ɗaga mini hannu ta gilashi. Na Yabo mai tambaya kan giya, da na Rabah mai batun birki, ku yi haƙuri, da ku za mu fara mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A huta lafiya.