Idan 'Yan'uwa Suka Ce Ka Kai Su Kogi da Kayak

Assalamu alaikum. Jama'a, barkanku da zuwa. Na baya kuna ji na? To madalla.

Duk mai tuƙa kayak ya san wannan rana. 'Yan'uwa sun zo ziyara, sun ga ƙaramin kwale-kwalen a jingine, sai wani ya ce, "Gobe ka kai mu kogi mana." Daɗi ya kama ka, har ka fara tunanin wurin da ka fi so, mai igiyar ruwa da duwatsu. A nan nake so mu tsaya. Fitar nan, wanda ya fi kowa rauni a cikin baƙinka shi ne ma'auninta: nisanta, tsawon lokacinta, da irin ruwan da za a shiga.

Ku tuna daga inda jirgin nan ya fito. Mutanen Inuwit da Yufik da Aliyut na yankin ƙanƙara na arewacin duniya ne suka ƙirƙiro shi don farauta. Suna ɗinka fatar dabbar teku a kan ƙirar itace ko ƙashi, daidai da jikin mai shi, kuma yaro yana tasowa yana koyon zama a ciki. Daga baya ya zama wasa, har ya shiga gasar Olimfik ta birnin Balin na ƙasar Jamus a 1936. Waɗancan sun yi shekaru suna koyo. Baƙonka safiya ɗaya gare shi.

Babbar matsalar kuwa ita ce kunya. Idan ka tsaya gaban kowa ka ce, "Wa bai iya iyo ba?" ba wanda zai ɗaga hannu. Kawu ba zai faɗa a gaban yara ba, matashi ba zai faɗa a gaban ƙannensa ba. Ka keɓe kowa shi kaɗai tun da dare. "Kawu, yaushe rabonka da shiga ruwa mai zurfi?" "Yaya, akwai ciwon kafaɗa ko na zuciya da ya kamata in sani?" Wanda ya ce shi dai zai zauna a gaɓa ya yi kallo, ka bar shi, kada a yi masa dariya. Sau da yawa shi ne zai ce a ba shi filafili bayan ya ga sauran sun dawo lafiya.

Rigar ceto ba a ciniki a kanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kuma yara ƙanana na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Kai za ka fara sa taka, domin idan mai gida bai sa ba, babu babban da zai sa. Bayan kowa ya ɗaure, ka kama kafaɗun rigar ka ja sama. Idan ta kai masa kunne, ta yi sako-sako, a ruwa za ta haye masa fuska. Ta yara ta zama daidai nauyinsu, mai igiyar da ke bi ta tsakanin ƙafafu. Rigar da aka ajiye a bayan kujera ba ta ceci kowa ba.

Sai kogin. Masu wannan harka sun kasa wahalar ruwa mataki 1 zuwa 6. Sabon shiga mataki na 1 ne nasa, ruwa mai tafiya a hankali, ko ma tafki. Kada ka dogara da sanin da ka yi wa wurin a makon jiya. Ruwan sama da aka yi can sama da ku yana iya canza kogi cikin dare ɗaya. Abu biyu nake roƙonku ku guje musu ko da ruwa ya kwanta. Na farko ƙaramar madatsa, wadda ruwa ke zubowa ta kanta. Daga nesa kamar ba komai, amma a ƙasanta ruwan juyawa yake yana mayar da mutum baya, har gwani da rigar ceto yana iya kasa fita. Na biyu itacen da ya faɗo cikin kogi: ruwa yana ratsa rassansa ya wuce kamar rariya, mutum da jirgi kuwa su maƙale. Ku fara tuƙi kuna fuskantar iska ko gangarowar ruwa, don dawowa ta zo da sauƙi lokacin da hannu ya gaji.

Jirgi mai faɗi wanda ake zama a kansa ya fi wa sabo, domin ko ya kife, ba abin da zai riƙe masa ƙafa. Yaro ko mai jin tsoro, ku shiga mai kujera biyu, kai a baya.

Koyarwa a tudu ake yin ta, kuma kada ta yi yawa. Mai koyo ya ɗora filafili a kansa, ya gyara hannuwa har gwiwoyin hannun su lanƙwashe kamar harafin L. Nan ne mariƙarsa. Ya riƙa juya ƙugu da kafaɗu, kada ya bar wa damtse aikin. Ya kalli inda yake son zuwa, kansa a tsakiyar jirgi. Ya isa.

Wata baiwar Allah ta tambaye ni ɗazu ko zancen kifewa ba zai tsorata su ba. Hajiya, wanda aka faɗa wa ya fi natsuwa. Ki ce masa: idan ka faɗa, numfashinka zai sarƙe na ɗan lokaci, musamman a ruwa mai sanyi, wanda ke janye zafin jiki kusan ninki 25 fiye da iska. Ka kwanta rigingine, ƙafafu a sama suna kallon inda ruwa ya nufa. Kada ka miƙe tsaye a ruwa mai gudu sai ya gaza gwiwa, don ƙafa tana shiga tsakanin duwatsu ruwa ya danne mutum. Ka bar filafili ya tafi, za mu kamo shi.

A kan ruwa, gogagge ɗaya a gaba, ɗaya a ƙarshe, ba mai wuce na gaba. Kowa da usur, busa uku na nufin a kawo ɗauki. Wani a tudu ya san inda kuka nufa da lokacin dawowarku. Kun ji tsawa, ku fita nan take.

Ka riƙa lura da wanda ya yi shiru, ko wanda filafilinsa ya fara jan ruwa. Kada ka jira ya ce ya gaji, ba zai faɗa ba. Kai ne za ka ce a juya, tun ana dariya, ko da awa ɗaya kawai aka yi.

Ga riguna nan a kan tebur, manya da ƙanana. Kowa ya zo ya ɗaura ɗaya, na kusa da shi ya ja masa kafaɗu mu gani, sannan mu karɓi sauran tambayoyi.