Darasin Sanin Ƙasa: Ƙaramar Hukumar Kura, Daga Karofi Zuwa Gonar Shinkafa

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa a darasinmu na sanin ƙasa. A yau za mu yada zango ne a Kura, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano.

Wanda ya taso daga birnin Kano ya kama hanyar Zariya, da zarar ya haye gadar Tamburawa ba zai jima ba zai shigo Karfi, inda masu gasa masara ke jere a bakin titi suna fifita garwashi, daga nan kuma sai ya wuce Imawa ya isa garin Kura, tafiyar da ta ɗan haura kilomita 30. Faɗin ƙaramar hukumar ya kai murabba'in kilomita 206, kuma ƙidayar 2006 ta nuna mutanenta sun haura dubu 140. Tana maƙwabtaka da Madobi da Garun Malam da Bunkure da Dawakin Kudu, kuma daga cikin mazaɓunta akwai Ɗan Hassan da Gundutse da Kosawa da Dukawa da Tanawa. A ɓangaren sarauta, hakimi ne a sama, sai dagatai, sai masu unguwanni.

Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, damina kuma ba ta wuce watanni huɗu zuwa biyar, saboda haka a da manomi na girbe gero da dawa, sai ya jingine fartanya ya nemi sana'ar rani. Sana'ar da ta fitar da sunan Kura a wancan zamani ita ce rini. Marina sukan haƙa karofi mai zurfi, su zuba ruwa da toka da baba, su bar shi kwanaki har ya nuna, sannan su riƙa tsoma zane suna ɗagawa ya sha iska, domin iskar ce take kama launin. Turkuɗin Kura kuwa daban yake: ana saƙa shi ne ƙwarya-ƙwarya, wato ƙyallaye sirara, a ɗinke su wuri guda, a rina har ya yi baƙi wuluk, sannan a kai wa mabuga su barbaɗa shuni su yi ta bugu a kan gungume har ya riƙa ƙyalli. Fatake ke ɗaukarsa zuwa Agadas da sauran ƙasar Abzin, inda Buzaye ke naɗa shi, shunin yana zuba a fatarsu suna alfahari da hakan. Har yau idan aka ce rawani ɗan Kura, dattawa sun san ba kayan talaka ake nufi ba.

Abin da ya juya rayuwar yankin shi ne madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina a kan Kogin Kano daga 1971 zuwa 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Ina so ku lura da hikimar aikin, domin Tiga ta fi ƙasar Kura tudu, ruwan yana gangarowa ne da kansa ba tare da injin turawa ba, ya bi babbar hanyar ruwa ya rarrabu zuwa ƙanana, har ya kai bakin gonar manomi, shi kuma ya buɗe masa da fartanya ya shiga fangali bayan fangali. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da aikin, wanda ya haɗa Kura da Bunkure da Garun Malam.

Tun daga nan rani ya daina zama lokacin zaman banza. Da damina shinkafa ce ke rufe ƙasar, da sanyi a shuka alkama da tumatir da albasa, masara kuwa ana samun ɗanyarta ko a tsakiyar bazara. A ganina shinkafar ce ta fi kowane amfani raba arziki, saboda hannuwan da take ratsawa suna da yawa. Akwai masu dashe da masu yanka da masu bugu, akwai matan da ke turara ta a manyan tukwane cikin gidaje su shanya, akwai masu injin casa, ga dillalai da 'yan dako da direbobin da ke lodi zuwa kudu. Ko ɓuntun ba a zubarwa, da shi ake hura wutar turarar.

Amma aikin yana da nasa ciwon kai. Ciyawar kacala da laka sukan toshe hanyoyin ruwa, sai wanda gonarsa ke ƙarshen layi ya kwana yana jiran rabonsa, wani lokaci har a kai ruwa rana tsakaninsa da na gaba. Tsuntsayen jan baki kan sauka a kan shinkafa lokacin da take nono, shi ya sa za ku ji yara tun asuba suna kaɗa gwangwanaye a gona. Manoman tumatir kuma ba su manta da 2016 ba, shekarar da tsutsar da suke kira sharon ta cinye gonaki, har masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa, a Garun Malam, ta dakatar da aiki saboda rashin kaya. Ko a shekarar da aka samu albarka, kowa kan kawo tumatirinsa kasuwar Kwanar Gafan a lokaci guda, farashin kwando ya faɗi warwas, wani manomin ma ya gwammace ya yanka ya shanya a bakin titi, ya adana kauɗarsa har zuwa damina lokacin da ɗanye ke tsada.