Amsoshin Tambayoyinku: Likita ya sa mani ranar tiyatar haihuwa, mi zan tarar?

Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da warhaka, barka da sake haɗuwa a filin amsoshin tambayoyinku na lahiyar iyali. Wanga mako saƙonnin da sunka shigo mana kusan duk kan abu guda suke, haihuwa ta hanyar tiyata wadda likita ke sa ma rana tun naƙuda ba ta zo ba, wadda wasu ke ce ma CS wasu su ce za a yi mata aiki. Na haɗa masu kama da juna saboda lokaci, wadda ba ta ji nata ba ta yi haƙuri.

Saƙo na farko daga wata baiwar Allah ne a Mabera nan cikin garin Sakkwato. Ta ce: "Cikina wata takwas, na je awo anka yi mani sikanin, likita ya ce mabiyiya ta sauko ta tare bakin mahaifa, ya ba ni rana ya ce aiki za a yi. Uwar mijina ta ce in bari naƙuda ta zo tukuna, ita tara ta haifa a ɗaki ba wanda ya taɓa yanka ta. Wallahi na rasa wa zan bi."

To ƴar'uwa Allah ya raba lahiya. Ki bi likita, kuma zan gaya maki dalili don ki samu abin da za ki faɗa ma Inna cikin ladabi. Mabiyiya ita ce ke ciyar da yaro a ciki, cike take da jijiyoyin jini, wurin zamanta sama ne ko gefe, to in ta sauko ta zauna bakin ƙofa, ranar da naƙuda ta fara buɗe bakin mahaifa ita ce za ta fara yagewa kafin yaro ya motsa ko'ina, jini zai ɓalle kuma ba jinin da ake tarewa da zane ba ne, cikin ɗan lokaci uwa da ɗa duk suna iya tahiya. Shi ya sa likita ba ya son naƙudar ta zo ko kaɗan. Galibin tiyatar da ake tsarawa ana yin ta ne wajen sati 39, amma mai irin matsalarki akan matso da ita baya, sati 36 ko 37, don a riga naƙuda. Kuma ki ji ni da kyau, in kinka ga jini ko ɗigo ne, ko ruwa ya fashe, ko ciwon mara ya tashi kafin ranar, kar ki ce bari ranar da anka ba ni ta cika, ki tahi asibiti a wannan sa'ar ko tsakar dare ne.

Inna ba ƙarya ta yi ba, ta haihu tara a ɗaki Allah ya tsare ta, amma ita mabiyiyarta ba ta tare hanya ba. Kowane ciki da yadda yake zuwa. Wata yaron ne ke kwantawa a gicciye, wata ya zo a zaune, wata an yi mata aiki har sau biyu a baya, wata ƙugun ne bai buɗe ba saboda ƙuruciya, wata ciwon suga ya sa yaron ya yi girma ƙwarai. Ba ragwanci ba ne, kuma yana ci mani rai in ji ana ce ma mace raguwa don an yi mata aiki, alhali binciken lahiya na ƙasa na 2018 ya nuna a Najeriya kusan kashi 3 cikin 100 kawai na haihuwa ake yi ta tiyata, ƙasa ƙwarai da adadin matan da ke bukatarta, sauran kuwa su ne waɗanda ake kawowa bayan kwana biyu uku suna naƙuda a gida, yaro ya mutu a ciki, uwa ta tashi da yoyon fitsari. Wanda ya taɓa leƙa ɓangaren masu yoyon fitsari a asibitin mata da yara na Maryam Abacha ya san abin da nike faɗi. Shawarata, awo na gaba ki roƙi Inna ta raka ki, likita ya nuna mata hoton da idonta, manya sun fi yarda da abin da sunka ji da kunnensu.

Sai wata daga Gwadabawa, ta ce ita tsoronta guda ne: "Sumar da ni za a yi? Ina jin ana cewa wasu ba su farkawa."

Mafi yawan lokaci ba a sumar da mace a tiyatar da anka tsara. Allura ake yi a ƙasan baya, kina zaune kin duƙa, cikin ƴan mintoci ƙafafu su yi ɗumi su yi nauyi, daga ƙirji zuwa ƙasa ya mutu, amma idonki biyu kina jin maganar kowa. Sumarwa gaba ɗaya sai in akwai dalili na musamman. Bari in bi maki ranar daki-daki. Yawanci ana kwantar da ke tun jajibiri ko ki zo da sassafe, an riga an auna yawan jininki da rukuninsa, za a ce ki bar cin abinci awa 6 zuwa 8 kafin aiki, wannan ki kiyaye shi ƙwarai, kar wata mai tausayi ta ba ki koko a ɓoye don kar ki galabaita, abin da ke cikin tumbi yana iya komawa huhu lokacin aiki. Za a sa maki ƙarin ruwa a hannu, a sa robar fitsari, a ba ki maganin kashe ƙwayoyin cuta, a wanke cikin, a tare da zane ta yadda ba ki ganin wurin. Yankan a kwance yake ƙasan mara dai-dai inda gashi ke farawa. Ba za ki ji zafi ba amma za ki ji ana ja ana dannawa, wasu su ji tashin zuciya, wasu jiki ya kama kyarma kamar masu jin sanyi, duk an saba gani, ki faɗa ma mai allurar da ke tsaye wajen kanki, aikinsa kenan. Fito da yaro ba ya wuce minti goma galibi, kina kwance za ki ji kukansa, ɗinkin ne ke ɗaukar lokaci, duka-duka minti 45 zuwa awa guda an gama.

Ba zan ce maki tiyata ba ta da haɗari ba, babban aiki ne, akwai zubar jini, akwai ruɓewar ɗinki, akwai daskarewar jini a jijiyar ƙafa. Amma wadda anka shirya da rana tsaka, jini na ajiye, likita ya huta, mace ba ta galabaita ba, ta fi ta gaggawa sauƙi nesa ba kusa ba, kuma yawancin labaran ban tsoro da kike ji na waɗanda anka kawo a makare ne.

Bayan awa biyu zuwa huɗu ƙafafu za su dawo, nan ne ciwon zai bayyana, kar ki daure ki yi shiru don kunya, ki nemi magani. Robar fitsari akan cire ta tsakanin awa 12 zuwa 24. Nas za ta zo ta ce ki tashi ki taka, za ki ji kamar mugunta ce, wallahi taimako ne, takawar ce ke hana jini daskarewa kuma ita ke tada hanji. Ki juya gefe tukuna ki dafa hannu ki tashi, in za ki yi tari ko dariya ki danne wurin da matashin kai. Ruwa kaɗan-kaɗan, sai shayi ko koko, sai abinci. In komi ya tahi dai-dai kwana uku zuwa biyar an sallame ki. Abu guda, in kinka ji ciwon kai mai tsanani da ke ƙaruwa in kin zauna ya lafa in kin kwanta, daga allurar baya ne, ki gaya masu.

Ga wani magidanci daga Tambuwal, na ji daɗin saƙon nasa, ya ce matarsa ce za a yi ma aiki wata mai kamawa, mi ya kamata shi ya tanada?

Malam Allah ya saka da alheri. Na farko jini. Asibiti za su ce a ajiye leda ɗaya ko biyu, kar ka bari sai ranar, ka tara ƴan'uwa da abokai masu lahiya tun da saura mako ku je a gwada a ɗiba. Na biyu ka je da kanka ka tambayi kuɗin aiki da na magani da na gado don kar a tsaya ciniki mace na kwance. A watan Nuwamba 2024 ministan lahiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi ta hannun hukumar inshorar lahiya ta ƙasa, a asibitocin da anka tantance, to ka tambaya a asibitinku ko suna ciki da kuma yadda ake rajista. Na uku mota, ka san wanda zai ɗauke ku ko da dare ne, in an turo ku Sakkwato, asibitin koyarwa na Danfodiyo ko Specialist, gara ku iso da wuri ku kwana wajen dangi. Na huɗu kuma shi ne babba, ka kasance wurin. Mata nawa ne ake jinkirta ma aiki don ana jiran maigida ya dawo daga kasuwa ko tahiya kafin a yarda a sa hannu? Ku gama wannan maganar tun yanzu, kuma ka samo mai zama da ita a gida aƙalla sati biyu na farko, ƙanwa ko gwaggo, wadda za ta ɗauke mata girki da wanki da sauran yara.

Yanzu tambayar da nike jira. Wata Hajiya daga Wurno ta ce ɗiyarta ce za a yi ma aiki, haihuwar fari, za ta dawo gida wankan jego, "to ya za mu yi da ruwan zafi da kunun kanwa, ko duk an hana?"

Hajiya ina gaisuwa, Allah ya ƙara girma. Dawowa gida wanka abu ne mai kyau ƙwarai, hutun kwana arba'in da kulawar uwa shi ne dai abin da mai ɗinki ke bukata, ba mai raba ku da wannan. Abin da za a canza shi ne yadda ake wankan. Tafasasshen ruwa da ganyen dogon yaro ana fyaɗa ma jiki, da gasa ciki da tsumma mai zafi ana dannawa, wannan bai dace da mai ɗinki ba, fatar da ke kusa da yankan takan yi makonni ba ta ji sosai, za ta ƙone ba ta sani ba, kuma dannawar na iya buɗe ɗinki. Ruwa mai ɗumi wanda hannu ke iya zama ciki, da sabulu, ta yi wanka, a tsane wurin da tsumma mai tsabta ya bushe, shi kenan. Ba man shanu, ba toka, ba garin magani, ba a ɗaure ciki tamau kan ciwon, zane ma ta ɗaura shi sama da wurin. In zaren da ake cirewa ne za su ba ta rana, galibi cikin mako guda ko kwana goma, ku koma.

Kunun kanwa kuwa Hajiya ki yi haƙuri da ni. Kanwa gishiri ce mai yawa, tana tara ruwa a jiki ta ɗaga hawan jini, kuma tun shekarun 1970 likitoci a Zariya sunka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego a ƙasar Hausa, nan Sakkwato ma ana ganinsa ƙwarai, mace ta kumbura, numfashi ya gagara in ta kwanta. Mai irin wagga barazana ba a ƙara mata gishiri da zafi. A dama mata kunun gero ko na gyaɗa ba kanwa, a ba ta hanta da nama da kifi da wake da zogale don jini ya dawo, gwanda da lemu da ruwa mai yawa don bayan gida ya yi laushi kar ta riƙa yunƙuri.

Kuma ke da ke kusa da ita ke ce za ki fara ganin alamun da ba a jira da su. Zazzaɓi, wurin ɗinki ya yi ja ya kumbura ko yana fidda ruwa ko mugunya ko wari, jini ya jiƙa kunzugu cikin awa guda ko yana fitowa gudaji-gudaji, ƙafa guda ta kumbura tana ciwo, numfashi sama-sama ko ciwon ƙirji, ciwon kai da gani dishi-dishi wanda ke iya zama jijjiga ko bayan haihuwa. Ko ɗaya daga ciki, asibiti nan take, kar a ce bari a ga gobe. Haka in kinka ga ta yi shiru kullum tana kuka, ba ta barci, ba ta son ɗaukar yaron har ya wuce sati biyu, wannan ma ciwo ne da ake magani.

Wasu gajeru kafin lokaci ya ƙare. Daga Bodinga ana tambayar ko mai tiyata na iya ba da nono. Ƙwarai kuwa, tun awar farko in hali ya yi, kuma dakashin nan mai ruwan ɗorawa kar a matse a zubar, shi ne rigakafin farko na yaro. Ta shayar a kwance ta gefe ko ta riƙe shi ta ƙarƙashin hammata don kar ya hau ciwon. Daga Illela, jinin biƙi, eh yana zuwa ko da aiki anka yi, har zuwa sati shida yana raguwa. Daka da surfe da jan ruwa a rijiya da ɗaukar jarka, a bar su sati shida, kar ta ɗauki abin da ya fi jaririnta nauyi, kusantar maigida ma sai jini ya ɗauke ciwo ya warke an koma asibiti an duba.

Ta ƙarshe daga Arkilla ta ce an gaya mata wadda anka yi ma aiki sau guda shi kenan ba ta ƙara haihuwa da kanta. Ba haka ba ne kai tsaye, mata da yawa sun haihu da kansu bayan aiki guda, ya danganta da dalilin na farkon da irin yankan da anka yi ma mahaifa, amma da sharaɗi biyu. Ki ba da tazara, shekara ɗaya da rabi zuwa biyu kafin wani ciki don tabon mahaifa ya yi ƙwari, ki tattauna hanyar tazara da ma'aikatan lahiya tun kafin a sallame ki. Sannan duk haihuwar da za ki yi nan gaba a asibitin da ke da ɗakin tiyata da jini za ki yi ta, ba a gida ba, kuma kar ki yarda kowa ya ba ki maganin ƙara naƙuda, na asibiti ko na gargajiya, ba da sanin likita ba, don tabon na iya yagewa. Ki adana katin sallamarki, ki nuna shi ranar da kinka fara awon ciki na gaba.

Nan za mu dakata, ku ci gaba da turo tambayoyinku, mako mai zuwa za mu ɗauki na hawan jini ga mai ciki. Wassalamu alaikum.