Bashin Gaggawa a Kan Takardar Gida: Lacca ga Dillalai da Masu Harkar Gine-gine a Kano

(An rubuto wannan daga faifan laccar da wani dattijo mai ƙiyasta darajar gidaje ya gabatar a birnin Kano. An bar maganar yadda ta fito.)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Masu unguwanni da ke tare da mu, Allah ya ƙara muku lafiya. Alhazai, dillalai, magina, da iyayenmu mata da ke can baya, sannunku da zuwa. Na baya kuna ji na? To madalla. Yaro, ɗan rage ƙarar nan, tana kuwwa.

An ce in yi magana a kan bashin da ake karɓa a kan gida ko fili daga hannun wani mai kuɗi, ba banki ba, cikin kwana biyu ko uku. Na rubuto abubuwa biyar, in Allah ya yarda kafin Magariba mun gama.

Na farko, mene ne shi? A Amurka sana'a ce sananniya, har suna gare ta, in ka juya shi zuwa Hausa sai ka ce "kuɗi mai tauri". Taurin daga kadarar yake. Banki yana tambayar albashinka da tarihin biyan bashinka, ya yi ta jan ka wata da watanni. Shi wannan ba ruwansa da kai, gidan yake kallo. Masu sayen tsohon gida su gyara su sayar su ne manyan abokan cinikinsa. Wa'adin gajere ne, wata shida, shekara ɗaya, wani lokaci biyu. Ba ya ba ka darajar gidan duka, sai wajen kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari, kuma kuɗin ruwansa ya fi na banki, galibi kashi goma da wani abu a shekara. Ku riƙe wannan, a shekara na ce. Mu nan Kano ba mu da suna na musamman, sai ka ji an ce "akwai wani Alhaji da ke taimakawa in kana da takarda". Amma shi Alhajin namu lissafin wata yake yi.

Kuma kada mu zagi masu zuwa wurinsa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Mutum ya kai gininsa linta a Danbare ko Rijiyar Zaki, kuɗi sun yanke, damina ta taso. Ya je banki, a ƙarshen 2024 Babban Bankin Nijeriya kansa ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5, to bankin kasuwa nawa zai ce? Ga shi kuma sun ce sai takardar mallaka ta gwamna, shi kuwa takardar mai unguwa ce a hannunsa. Sai dillali ya raɗa masa cewa akwai mai bayarwa jibi. Ina dillalan? Kun yi shiru. (dariya)

Na biyu lissafi ne. Kowa ya fito da wayarsa, mu yi tare. Misali ne, amma na sha ganin irinsa. Gidanka ya kai miliyan 100. An ba ka miliyan 40, a kan kashi 10 duk wata, wa'adi wata shida. Tun a wurin an zare miliyan biyu, wai kuɗin takarda da la'ada, ka tafi da 38 amma 40 aka rubuta. Duk wata miliyan huɗu. Wata shida 24, ka ga ana bin ka 64. Ba ka samu mai saye ba, ka je roƙo, ya ce ba komai, ai mu 'yan'uwa ne, a sabunta. Sabuntawar ita ce 64 ɗin nan ta zama uwar kuɗi. Yanzu duk wata miliyan 6.4. Bayan wata shida, nawa ke nan? Alhaji na gaba, me wayarka ta ba ka? Miliyan 102.4. Shekara ɗaya tak, bashin ya haura gidan, kai kuma 38 ka taɓa riƙewa a hannunka.

To amma wannan duk ba shi ne ya fi ci mini rai ba. Abin da ya hana ni barci, abin da ya sa na amsa gayyatar nan, shi ne takardar da ake sa wa hannu.

Jama'a, ku saurare ni da kyau. Mafi yawan masu ba da irin wannan bashi a garin nan ba sa rubuta "bashi", ba sa rubuta "jingina". Takardar ciniki suke rubutawa. Za a ce maka, Alhaji, ka san kuɗin ruwa haramun ne, mu ba ma ci. Abin da za a yi, ka sayar mini da gidan a miliyan 40, in wata shida ya cika ka dawo ka saye shi a 64. Ka ji ko? Ba cinya ba, ƙafar baya. Sai a kawo lauya, a kawo shaidu, a ɗauke ku hoto kuna musabaha, ka miƙa takardun gida na asali. Maganar cewa za ka dawo ka fanshi gidanka kuwa, a baki ta tsaya. A baki! Abin da ke rubuce shi ne ka sayar, ka karɓi kuɗinka cif, ba ka da sauran haƙƙi.

Wani bawan Allah ɗan kasuwar Kwari ya zo ofishina da irin wannan takarda. Ba zan kama suna ba. Gida ne da ni da kaina na taɓa yi wa ƙima, na san abin da ya kai. Ya ce, Baba, kwana tara kawai na makara, na kai kuɗin cikakku, ya ce wane kuɗi? Na karɓi takardar na karanta daga sama har ƙasa, na sake karantawa, ina neman kalma ɗaya da ta ce jingina. Babu. Mutumin nan da furfurarsa ya zauna a kan kafet yana share hawaye da bakin rawani, iyalinsa suna cikin gidan ba su san an sayar da shi ba. Wallahi ranar ban iya cin abinci ba.

Kuma abin da nake so ku gane, mai bashin nan bai yi baƙin cikin makarar ba. Mai shago in ya ba ka bashin shinkafa, addu'a yake ka samu ka biya. Wanda ya ba ka 40 a kan gidan 100, in ka biya ya ci 24, in ka kasa ya ci 60. To wanne zai fi so? Shi ya sa in wa'adi ya matso sai wayarsa ta daina shiga, a ce ya tafi Umara, a ce yana Abuja. Ba duka ba, akwai masu tsoron Allah. Amma tsarin da kansa haka aka gina shi, faɗuwarka ta fi yi masa riba.

Ni ba malami ba ne, ga malamai nan a zaune, in na kauce su gyara mini. Jingina ita kanta halal ce, tana cikin Suratul Baƙara aya ta 283, dab da ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282, wadda ta ce in kun ƙulla bashi zuwa wani wa'adi ku rubuta shi. Bashin aka ce a rubuta, ba a ce a rubuta wani abu daban a ɓoye bashin a baki ba. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya rasu sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude a kan sha'ir. Amma a Muwaɗɗa akwai hadisin da ya ce jingina ba ta kulluwa, Imamu Malik kuma ya yi bayani cewa shi ne mutum ya ce in ban kawo haƙƙinka ranar kaza ba, abin da na jinginar ya zama naka. Ya ce wannan bai halatta ba. Ko ba haka ba, Malam? To kun ji. In mutum ya kasa biya, sayar da kadarar ake yi a kan darajarta, mai bashi ya ɗauki abin da yake bi, ragowar ta koma wa mai gida. Ragowar nan ita ce ake cinye wa mutane a garin nan. Ciniki da sharaɗin dawowa kuma, malamanmu na Malikiyya sun daɗe da saninsa, sun ce rance ne da ya jawo amfani aka sa masa rigar ciniki.

Ita ma dokar da muka gada daga Ingila tana da ƙa'idar cewa abin da aka ƙulla a matsayin jingina yana nan a jingina, ba a toshe wa mai gida hanyar fansa. Amma sai ka tabbatar wa alƙali cewa jingina ce, alhali ga sa hannunka a kan takardar ciniki, ga hotonka kana murmushi. Shekara nawa za ka yi kana hawa matakalar kotu? Shi kuwa ya riga ya sayar wa wani, wanin ya rushe ya yi shaguna.

Don haka in za ka karɓa, kuma ni ban ce ka karɓa ba, kada ka sa hannu a takardar da ba ta faɗi gaskiyar abin da kuka yi ba. Kuma lauyan da ya kawo nasa ne, ba naka ba. Ka zo da naka. Na maimaita, ka zo da naka.

Ina muka tsaya? Na uku ko na huɗu? To, bari in haɗa su, lokaci ya tafi.

Akwai maganar kasuwa. Duk lissafin mai karɓar bashin nan ya rataya ne a kan zai gama gini ya sayar a kan lokaci. Wanda ya yi lissafi a farkon 2023 dala tana ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati, ya wayi gari a 2024 ta haura 1,500, buhun siminti ya haura dubu goma a wasu wurare, rodi ya bi sahu. Kuɗin da ya ranto don ya gama gida sai ya tsaya a rufi, kango kuwa ba ya sayuwa da daraja. Ga rusau da muka gani a garin nan a 2023, a Filin Idi da tsohon otal ɗin Daula da sauransu. Ban shiga siyasa ba, amma in gini ya kwanta bashin da ke kansa yana nan a tsaye. Amurkawan ma da suka fi mu tsari, a 2008 farashin gidaje ya rushe, masu saye su gyara su sayar suka rasa gidajen da jarinsu.

Sai cak. Suna karɓar cak mai kwanan wata na gaba. Akwai doka tun 1977, cak ɗin da ya dawo babu kuɗi laifi ne da ke iya kai mutum ɗaurin shekara biyu. Ka ga bashi ya koma maganar 'yan sanda.

Ku ma masu bayarwa, na san akwai ku a nan, ba ku tsira ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce ba a jinginar da fili mai takardar gwamna sai da amincewarsa, kuma a 1989 Kotun Ƙoli ta soke wata jingina a shari'ar bankin Savannah da Ajilo saboda rashin wannan amincewa. Banki guda ke nan. Kai da ka karɓi takarda ba ka je KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye ta jihar Kano, ka bincika ba, wataƙila fulotin mutum uku aka jinginar wa.

Na biyar, mafita. Akwai bankunan da ba sa kuɗin ruwa, Jaiz tun 2012, ga TAJ, ga Lotus, suna da murabaha, wato banki ya sayi abu ya sayar maka da riba sananniya, da ijara, wato ya saya ya ba ka haya. Akwai haɗin gwiwa, mai fili da mai kuɗi a raba riba a raba asara. Akwai kuma... Na'am? Akwai mai tambaya? A ba shi abin magana.

(Wani matashi daga tsakiya: Baba, Allah ya ƙara girma. Ni yayana ne ya riga ya sa hannu, kuma gidan na gado ne, ba a raba ba, akwai mahaifiyarmu da ƙannenmu mata a ciki. Wa'adin saura wata biyu.)

Inna lillahi. Zauna, ɗana, zauna. Mahaifiyarku ta sani? Ba ta sani ba. To yau za ta sani, kuma kai za ka gaya mata, da ladabi, kafin ta ji a bakin masu zuwa auna gida.

Ka ji abin da za ku yi. Gidan gado da ba a raba ba, yayanka ba shi da ikon sayarwa ko jinginar da kason wani, nasa kason kawai yake da iko da shi. Wannan ƙarfi ne a hannunku, amma sai kun motsa kafin gidan ya shiga hannu na uku. Gobe da safe ku nemi lauya, ku da magada, ba yayan shi kaɗai ba, ya rubuta wa mai bashin cewa gidan na magada ne kuma ba su amince ba. Ku sanar da mai unguwarku, don duk mai saye ta wurinsa zai bi. Ku kai maganar rabon gadon kotun Musulunci, a san kason kowa. Yayanka kuma kada ya goge komai a wayarsa, saƙonnin da suka yi, muryar da aka tura ta WhatsApp, shaidar tura kuɗin wata-wata. Wanda ya sayi gida ba ya karɓar kuɗi duk wata daga wanda ya sayar masa, wannan shaidar ita za ta nuna wa alƙali cewa bashi ne. Kuma ko an kira shi an ce a sabunta, kada ya sake sa hannu a komai.

In har babu hanyar biya, gara ku magada ku sayar da kanku a farashin kasuwa, a cire abin da ake bi daga kason yayan, kowa ya karɓi nasa. Dillalai, ga aiki nan, kuma ina roƙon ku don Allah a sassauta wa marayun nan la'ada.

An kira salla ko? To. Ɗana, kada ka tafi, ka same ni a bakin ƙofa bayan an idar. Takardar tana wayarka? Yauwa, ka riƙe ta, zan karanta da kaina.