Sharhi: Mai Yi Maka Hausa a Bakin Iyakar Seme

Masu sauraro, barkanmu da war haka. Sharhinmu na yau na wanda ya ɗaura niyyar bin hanyar Badagry ne, ko don ya ga tsohon benen nan na 1845 da gaɓar da aka riƙa lodin bayi a tsibirin Gberefu, ko don ya tsallaka iyakar Seme zuwa ƙasar Benin ya yi sayayya a kasuwar Dantokpa da ke Kwatano.

Tun daga Mile 2 da ke Legas ake fara buɗe ido. Motar da ta tsaya a bakin titi ana ihun saura mutum ɗaya, ƙyale ta ta wuce. Wan-cans mutanen Legas ke ce mata, kuma sau da yawa fasinjojin ciki duk bakinsu ɗaya da direba. Shiga tasha ka biya, ko da ya fi tsada. Wannan kowa a Agege da Idi-Araba ya sani.

Abin da ya fi damuna yana can Seme. Kana sauka wani zai tarbe ka da fara'a: "Alhaji, sannu da hanya. Daga Kano ne ko Sakkwato?" Hausa tas, har da karin magana. Nan take jikinka ya saki, ka ce ga ɗan gida. Kafin ka ankara jakarka na kafaɗarsa, fasfonka na hannunsa, wai zai kai a buga maka hatimi don ya san manya a ciki. To daga nan kai da takardarka sai abin da ya yanka maka.

Kada a yi mini mummunar fahimta. Akwai 'yan'uwanmu da suka shekara a Seme suna neman halaliyarsu, kuma sun sha fitar da baƙi daga kunya. Sai dai Hausa harshen kasuwa ne daga Alaba Rago har zangon Kwatano, kowa na iya koyo, har ɓarawo. Gaisuwa ba shaida ba ce.

Kuma me ma kake nema wurin ɗan kamasho? Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Najeriya damar shiga Benin ba biza, ya zauna har kwana 90. Tun 2018, da Shugaba Buhari da Shugaba Patrice Talon suka buɗe ofishin haɗin gwiwa na Seme-Krake, jami'an ƙasashen biyu a harabar guda suke aiki. Ka bi layi da ƙafarka, ka miƙa fasfo ga mai kaki da suna a ƙirji. In an ce kawo kuɗi, tambayi na mene ne, ka nemi rasit.

Katin rigakafin shawara kuwa, tun a gari ake yinsa, domin sai allurar ta kwana goma yake aiki. Wanda za a cike maka a gindin bishiya ba allura, kuɗinka ka zubar, sauro kuma bai iya karatu ba.

Sai mai acaɓa da zai ce zo mu bi ta bayan gari, minti biyar. E, zai tsallakar da kai, amma ba hatimin shiga, kuma in aka tare ku a hanya ba wanda ya san ka bi ta nan.

Wajen canji, tambayi farashin sefa tun kafin ka baro gida. Idan mai canji ya ƙirga ya ba ka, kai ma ka ƙirga. In ya ce kawo ya sake dubawa, to ka sake ƙirgawa daga farko, don a wannan komawar ce takarda ɗaya ko biyu ke zamewa. Kada ka fito da damin kuɗi a cikin taro, raba su aljihu biyu.

Idan abu ya faru kana ɓangaren Legas, lambar gaggawa ita ce 112 ko 767. Ajiye hoton fasfonka a waya, ka kuma gaya wa mutanen gida lambar motar da ka shiga kafin ta tashi.