Kafin Mu Ce Wa Mutum Malamin Ƙarya

An rubuto wannan daga faifan laccar da wani dattijon fasto ya yi wa dattawan ikilisiya a Sabon Gari, Kano.

Salama a gare ku, iyayena da 'yan'uwana. Na baya kuna jina? To, madalla.

A Ayyukan Manzanni sura 20, Bulus yana Militas ya aika a kira masa dattawan Afisa. Ya tuna musu shekara 3 da ya yi yana yi musu gargaɗi dare da rana, har da hawaye. Ya ce kyarketai za su shigo garke. Amma aya ta 30 ita ce ke hana ni barci, domin cewa ya yi daga cikinku ma wasu za su tashi su ja almajirai. Da dattawa fa yake magana, irinmu.

Sai dai ba duk wanda ya yi kuskure a kan bagade ne malamin ƙarya ba. Ku dubi Afolos mutumin Iskandariya, a sura 18. Ga baki, ga sanin Nassi, amma baftismar Yahaya kaɗai ya sani. Bilkisu da mijinta Akila, abokan aikin Bulus, ba su miƙe a tsakiyar taro sun ce "ƙarya ne" ba. Jan shi gefe suka yi, suka ƙara fayyace masa hanyar Allah, ya karɓa. Da a wurinmu ne, kafin ya sauko an ɗauki muryarsa an watsa a WhatsApp na zumuntar mata. Yi haƙuri Mama, har da na maza.

To wane ne na ƙaryar? Wanda aka nuna wa Nassi ya ƙi, domin gyaran zai taɓa aljihunsa ko sunansa. Bulus ya gaya wa Timoti akwai masu ɗaukar ibada hanyar samun riba. Kun san su. Kwalbar mai da farashinta, addu'a da farashinta, sai ya dubi matar da ta daɗe ba ta haihu ba ya ce uwar mijinta ce ta ɗaure ta. Gida ya rushe, shi ko ya sayi mota. Ke da za ki sayi shadda a Kantin Kwari, sai kin murza, kin ɗaga ta a rana, kin duba bakinta. Amma a ce miki "in ji Ubangiji", sai ki kwance bakin zane. Mutanen Biriya, Bulus da kansa ne ya yi musu wa'azi, duk da haka kullum suna bin Littattafai su ga ko haka ne. Mu tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: mu ne muka bar nazarin tsakiyar mako ya mutu.

Mai raba kan jama'a kuma, hanyarsa a fili take. Matiyu 18: ka same shi kai kaɗai, in ya ƙi ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, sannan ikilisiya. Titus 3:10 ya ce gargaɗi na farko, na biyu, sai ka fita harkarsa. Mu daga ƙarshe muke farawa.

A nan zan ɗan taka ƙafar wasu. Matashin da ya miƙe a taron shekara ya ce a karanta lissafin baiko, ba mai tsaga ikilisiya ba ne. Tambaya ya yi, a ba shi amsa. Ku karanta 3 Yahaya, aya 9 da 10. Diyotarifis ba a bencin baya yake ba, a gaba yake, mai son shugabanci. Shi ke ƙin karɓar 'yan'uwa, shi ke korar masu karɓarsu. Wani lokaci mai rabawar shi ne riƙe da littafin horo. Haka nan mai bi gida gida yana cewa kujerar ma'aji ta 'yan garinmu ce, kar a bar wa waɗancan. Mu da muka taru daga Kudancin Kaduna, Filato, Bauchi, Adamawa da ƙauyukan Kano, wannan ciwon ya fi kowanne saurin kama mu.

Bari in tona kaina. A wata ikilisiya da na taɓa riƙewa, mun sa wani ɗan'uwa a horo saboda tsegumi da haɗa mutane faɗa. Ya cancanta, ba na musu. Muka ce wata 6. Ya zauna a baya, ba ya cin Jibin Ubangiji, ya gyara halinsa. Mu kuwa muka manta da shi. Sai da aka kusan shekara 2 matarsa ta tare ni a ƙofa ta ce, "Baba Fasto, har yanzu Allah bai yafe masa ba ne?" Wallahi na rasa bakin magana. Daren nan na buɗe 2 Korantiyawa sura 2, inda Bulus ya ce horon ya isa haka, a yafe, a ƙarfafa mutumin, kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Lahadin da ta biyo baya na roƙe shi gafara a gaban jama'a.

Sakatarori, in kun koma ku buɗe littafin horo, ku duba sunaye da kwanan wata, ku kawo wa dattawa a zamansu na gaba. Baba shugaban taro, na ga kana duban agogo. A ba mai tambaya makirufo.